Ranar da Muka Tsoma Goggo a Kaki

Abin da ake kira fikof a jikin jitar lantarki ba wani babban abu ba ne. Ɗan maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi, aka kwantar da shi ƙarƙashin tsirkiya. In ka taɓa tsirkiya, shi yake ɗaukar motsinta ya miƙa wa amfilifaya, sauti ya fito a sifika. In babu shi, jita katako ce kawai. Na yi shekaru ina kaɗa jita a cocinmu a Jimeta ban taɓa kula da shi ba, sai da tawa ta fara gurnani na kai ta wurin Malam.

Malam mutumin Borno ne, mai gyaran rediyo. Gidansa a Wuro Hausa, rumfarsa a Jimeta kusa da kasuwa, kullum da safe keke napep yake sauke shi. Bai iya kaɗa jita ba, bai taɓa taka ƙofar coci ba, amma da wuya ka sami jitar coci a unguwarmu da ba ta kwana a rumfarsa ba. Yana da wani babban gwangwanin madara da yake zuba fikof ɗin da ya ciro daga jitocin da suka mutu. A wannan gwangwanin na ƙare yawancin yammacina bayan an tashi daga makarantar da nake koyarwa, har matata ta fara cewa gara in kai katifata can.

Masu ƙera fikof a ƙasashensu suna sa masa sunan da ba ya gaya maka komai. Haruffa biyu da lamba, ko wata shekara, ko a rubuta wannan mai zafi ne, wancan irin na da ne. Kafin ya iso kasuwar Jimeta ma an riga an buga suna ɗaya a kan iri uku daban, kowanne da muryarsa. Samarin cocinmu suna cewa singil in layinsa ɗaya ne, hambaka in biyu ne, su tsaya nan. Malam ba ruwansa da duk wannan. Shi sunan dangi yake ba su, irin na Fulanin Yola da ya zauna cikinsu. Mai layi biyu, mai kaurin murya, wanda ko an kunna janareta a gindinsa ba ya gurnani, shi ne Bappa. Laifin Bappa ɗaya: in waƙa ta yi sauri sai ya dinga jan ƙafa. Siriri mai murya a sama, garau, Adda ce, babbar yaya tana kiran yara su zo su ci abinci. Akwai wani mai faɗi kamar sabulun wanki, mai ɗan kaushi da wasa, wannan Kawu ne. Duk sabon da ya fito daga kwali kuwa Amarya sunansa, sai ya kwana biyu a jikin jita ya nuna halinsa tukuna.

Ni malamin lissafi ne, wannan tsari yana ɓata min rai. Na sha gaya masa cewa sunan da yake canzawa ba suna ba ne, kuma in ya mutu ba wanda zai san wane ne wane a gwangwanin nan. Sai ya ce to in je in saya da lamba, in dawo ya gyara min. Haka muke, ni da musu, shi da ƙarfen dalma a hannu, ko ɗago kai ba ya yi.

Sai shekarar gudu ta zo, lokacin da 'yan bindiga suka ci garuruwan arewacin jihar, mutane suka kwararo Yola a ƙafa da bayan motocin kaya. Ba gidan da bai cika ba. Mu ma da muke da ɗaki biyu da falo, falon ya zama na baƙi. Wanda ya sauka a namu abokina ne tun kwalejin horar da malamai, mutumin wani ƙauye a ƙasar Michika. Ya iso da 'yarsa budurwa, tana ajin ƙarshe na sakandare, da jita a naɗe cikin zane. Suna coci suna koyon waƙa aka fara harbi, jitar tana hannunsa, da ita ya gudu. Matarsa, wadda ita ce take ba da waƙa a cocinsu, ta hau dutse tare da su, zazzaɓi ya kama ta a can, ba ta sauko ba. Zanenta ne a jikin jitar.

Abokina mai surutu ne a da, irin wanda zai tare ka a ƙofar aji ya hana ka shiga. Yanzu sai ya wuni a ƙarƙashin darbejiyar gidanmu, ko me aka ajiye masa ya ce an gode. In matata ta tambaye shi tuwo ko shinkafa, ya ce duk ɗaya. Baƙon da ya san ya yi wa mai gida nauyi haka yake yi, ba ya zaɓe. Yarinyar kuwa tana aiki kamar an aiko ta, wanke-wanke, shara, ɗiban ruwa, amma bakinta a rufe. Wata rana uban ya ce min tun tana ƙarama ba ta iya wanke kofi ba tare da waƙa ba, kuma tun daga dutsen nan bai ji ta yi ko baiti ɗaya ba. Ya ce ba ya son komai a garin nan sai ya ji ta buɗe baki. Yana ganin in ya hau gaban coci da jitar nan ranar Lahadi, ta ji muryar da ta saba da ita, ƙila ta bi.

Na yi murna, don wannan ne abu na farko da ya nema da bakinsa. Ranar Asabar na kai shi wurin koyon waƙa. Cocinmu ba irin na ƙauye ba ne, muna da manyan sifiku a kowace kusurwa, samarinmu kuma ba su san a rage murya ba. Ana jona jitarsa ta ƙwala wani ihu mai tsini, kowa ya toshe kunne. Aka rage, aka matsa da shi gefe, aka juya sifika, da an ɗan ƙara sai ta sake. Shugaban mawaƙa ya ja ni waje ya ce cikin ladabi ko a gyara ta, ko a ba shi aron wata. Abokina ya ce ba zai kaɗa wata ba.

Washegarin Lahadi muka je rumfa. Malam ya kwance zanen, ya duba. Tsohuwar jita ce ƙwarai, fikof ɗaya gare ta, siriri, ba suna ba lamba a jikinsa, murfinsa ya yi ruwan ƙasa. Ya jona ta a ƙaramar amfilifayarsa, ya ƙwanƙwasa fikof ɗin da farce, sai ga ƙwas-ƙwas a sifika. Ya sunkuya ya yi tari a kansa, tarin ma ya fito. Ya bayyana mana cewa naɗin wayar ne ya yi sako-sako, shi ya sa duk abin da ya motsa kusa da ita sai ta ɗauka, har ƙarar sifika ta ɗauka ta mayar, shi ne ihun.

"Wannan Goggo ne," in ji Malam. "Komai aka faɗa a gida yana ji, kuma ba ya iya shiru."

Abokina ya yi dariya. Tun da ya zo ban ji dariyarsa ba sai ranar. Ni kuma daɗin wannan dariya ya sa ban tsaya na dubi fuskarsa da kyau ba lokacin da tarin Malam ya fito a sifika.

Muka shiga gwaji. Na fi kowa zaƙewa, don abin da nake so ke nan. Malam zai cire Goggo ya ajiye ta a kan tsumma, ya ɗaura wani, abokina ya kaɗa, mu kuma mu saurara. Aka sa Adda, na ce ga tsabta, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Aka sa Kawu, na ce wannan ya fi cika ɗaki. Bappa bai shiga ramin ba sai an sassaƙe katako, amma Malam ya riƙe shi da hannu a kan tsirkiya don mu ji. Har wata Amarya muka aro daga shagon wani Inyamuri a kasuwa, mai haruffa da lamba a kwalinta, na tsaya ina karanto masa Turancin da ke jiki kamar zai ƙara mata daɗi. Kowanne aka sa, abokina ya ce yana da kyau. Ko wanne. Amma da an gama sai ya miƙa hannu ya ɗauko Goggo daga kan tsumma, ya riƙe har a mayar da ita.

Raina ya fara ɓaci. Lahadi tana ta wucewa, yarinya tana nan shiru, shi kuma ya ƙi cewa ga wanda yake so. A hanyar gida na yi masa faɗa, na ce ba tuwo ko shinkafa ba ne wannan, dole ya zaɓa. Ya ce duk suna da kyau, shi dai ba ya son a raba jitar da abin da ta zo da shi.

Da na kai wa Malam wannan magana, ya ce ai akwai hanya. Yadda yake yi wa duk fikof mai ihu ke nan: a narka kaki a tsoma shi, kakin ya shiga tsakanin wayoyi ya riƙe su, ihu ya ƙare. Ba a cire komai, ba a canza komai, Goggo tana nan a wurinta. Ya ce ya yi wa jitoci da yawa, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Na gaya wa abokina, fuskarsa ta saki. Tambaya ɗaya ya yi, ko muryar tsirkiya za ta canza. Malam ya ce ba za ta canza ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Na tuna yammacin sarai. Zafin Yola na kafin damina, rumfar kwano kamar tanda. Malam yana da kakin zuma da wani manomi yake kawo masa daga Ngurore, ya haɗa da guntayen kyandir a gwangwanin tumatir, ya ɗora gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi. Ya ɗaure Goggo da zare ya sauke ta a hankali. Ƙananan kumfa suka fara tasowa, iskar da take ciki tana fita. Ya ce sai kumfa ya tsaya ake cirewa. Muka zuba ido mu uku har na ƙarshe ya taso ya fashe. Aka kira la'asar, ya rataye ta ta huce, ya tafi salla ya bar mu muna gadinta.

Ranar Lahadi abokina ya hau gaba. Samari suka ƙure murya yadda suka saba, jitar ko tari ba ta yi ba. Ya kaɗa irin kiɗan mutanen dutse, mai gudu da tsalle, mata suka tashi suna rawa, shugaban mawaƙa yana ɗaga min babban yatsa daga nesa. Na dinga satar kallon yarinyar a layin mata. Ba ta yi waƙa ba, amma idonta bai bar jitar ba, kuma na ga leɓenta yana motsi.

Da yamma muna gida, na fito da ƙaramar amfilifayata ƙarƙashin darbejiya, yana kaɗawa a hankali. Yarinyar tana wanke tukwane a bakin famfo. Sai ta ajiye soso, ta goge hannu a zaninta, ta zo ta durƙusa a gabansa. Ya ɗaga jitar ya juyo da fuskarta sama, kamar wanda ya saba. Ta kai bakinta dab da fikof, ta fara waƙa da yarensu.

Sifika ba ta ce komai ba. Tsirkiya tana fita, muryarta ba ta fita.

Ni ban gane abin da ake yi ba. Na zaci waya ce ta saki, na tashi ina murɗa maɓalli, ina cire wayar jitar ina mayarwa, ina bubbuga amfilifaya. Ta ƙara matsowa har leɓenta ya taɓa ƙarfen, ta ɗaga murya, ta kai ƙarshen baitin. Sannan ta ɗago ta dubi ubanta.

"Baba, ba ya ji kuma," ta ce.

Ta koma wurin tukwanenta.

Sai a lokacin ya gaya min. Cocinsu na ƙauye ba su da makirufo. Amfilifaya ɗaya ce, da batirin mota, rami ɗaya na jona jita. Da daɗewa matarsa ta gano cewa in ta sunkuya ta yi waƙa a kan fikof ɗin, muryarta tana fita a sifika, siririya, kamar daga cikin gwangwani, amma tana kaiwa har bayan coci. Haka suke yi duk Lahadi, shi ya ɗaga jita, ita ta sunkuya. Akwai wata waƙa tata da ita ta ƙirƙira, da ita take rufe sujada, ita ce yarinyar ta yi ɗazu. Yarinyar ta tashi tana gani. Abin da yake jira ke nan tun farko, ranar da za ta zo ta sunkuya.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce ya ga mu duka muna kiran abin ciwo, muna ta wahala a kansa, kullum ina biyan keke zuwa rumfa, ya ji kunya ya ce ciwon yake so. Kuma bai san jin da ihun abu ɗaya ne ba, ya ɗauka kaki zai kashe ihu ya bar ji. Malam ya sani, amma a wurinsa fikof mai jin murya fikof ne mai lalura, bai taɓa ganin wanda yake amfani da shi ba, balle ya yi gargaɗi. Ni na ji tarin a sifika da kunnena, na yi dariya. Mu uku muna kan benci ɗaya, kowa yana son alheri, ba wanda ya tambayi wani me ake yi da wannan jin. Wannan abu yana damuna har yau, kuma ba na jin zai daina.

Malam ya yi iya ƙoƙarinsa. Da na gaya masa ya ce a kawo Goggo. Ya ɗumama ta, ya kife ta, kaki ya ɗiga, ya sake ɗumamawa. Amma wanda ya shiga can cikin naɗin ya zauna. In ka ƙwanƙwasa da ƙarfi kana jin wani ɗan abu, murya kuwa babu. Ya ce in ya warware wayar ya sake naɗawa sako-sako za ta ji, sai dai ba Goggo ba ce kuma, wayar ma ta tsufa, tana iya tsinkewa. Abokina ya ce a bar ta haka.

Ba zan ce rayuwa ta tsaya ba. Yarinyar ta yi waƙa daga baya, bayan watanni, da makirufo kamar kowa, waƙoƙin Hausa na littafi. Da gari ya lafa uban ya koma gida da jitarsa, ita ta zauna wurinmu ta yi karatun jinya. Yanzu tana aiki, tana da aure da 'ya'ya a Mbamba. Waccan waƙar dai ba ta sake yin ta ba, shi ma bai matsa mata ba. Ya taɓa ce min kiɗan kawai ya riƙe, kalmomin na matarsa ne, shi hankalinsa yana kan yatsunsa.

Ni kuma na ɗauki wata ɗabi'a. Duk shagon kayan kiɗa da na shiga, a Jimeta ko in tafiya ta kai ni wani gari, sai in ce a jona min fikof in yi magana a kansa. Masu shago suna kallona kamar tsohon da ya fara ruɗewa. Suna nuna min kwali, suna karanto min haruffa da lamba, suna rantsuwa wannan ba ya ihu ko kaɗan. In ce ai mai ihun nake nema. Duk sunayen nan da suke bugawa, ba ɗaya da yake gaya maka ko fikof yana ji. Yanzu ma tun daga inda ake ƙera su ake tsoma su a kaki kafin su iso.

Bara na samu. Wani saurayi ya kawo wa Malam wata jita mai arha yana ƙorafin ihu. Malam ya tsufa, idonsa ya rage, amma da ya yi tari a kai ya ji tarinsa, sai ya ciro fikof ɗin, ya sa wa saurayin Adda daga gwangwani, ya aiko a kira ni. Na tambaye shi sunanta, ya ce ba zai sa mata ba, mai ita ya sa. Ya ɗaura min ita a tawa jitar.

Abokina ya riga ya rasu kafin nan, hawan jini, a ƙauyensu. Don haka wurin 'yarsa na kai, ranar wata Asabar da rana, da ƙaramar amfilifaya a bayan keke. Ta tarbe ni da ruwan sanyi, yaranta suna ta leƙe. Ban yi dogon bayani ba. Na jona, na ƙwanƙwasa da farce ta ji, na ɗaga jitar na juyo da fuskarta sama yadda na ga ubanta ya yi.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta durƙusa, ta kai bakinta kusa, ta ja numfashi. Numfashin ya fito a sifika, muka ji shi duka. Ta tsaya a haka. Ta sake jan wani.

"Ankul, na manta waƙar," ta ce. "Ranar nan duka yana bakina. Kai kana wurin, ba ka riƙe ko kaɗan ba?"

Ina wurin. Taku biyu ne tsakanina da ita, ta yi baitin daga farko har ƙarshe. Ba na jin yarensu, amma da na riƙe ko da karin waƙar ne, da na rera mata ta kama. Na ce mata ban riƙe ba, waya nake dubawa.